Waƙoƙin da ke bakin kakanninmu: daga ina suka fito, yaya kuma za mu riƙe su?

“Malama, barka da aiki. Ni 'yar asalin ƙasar Katsina ce, amma a Kaduna na tashi, a nan nake koyarwa a firamare. Kakata tana nan da ranta a ƙauye, ta tsufa ƙwarai. In na je gaishe ta takan ɗan rera mana waƙoƙin gaɗa da na niƙa da na reno, wani lokaci sai ta tsaya a tsakiya ta ce sauran ya shige mata. Abin da ya ɗaure mini kai, wata maƙwabciyata 'yar Maraɗi ta san ɗaya daga cikin waƙoƙin, amma da wasu kalmomi daban, kuma kowaccensu ta ce tata ce ta asali. Wa ya ƙirƙiri waɗannan waƙoƙi? Ta yaya suka kai har Nijar? Me zan yi kada su tafi tare da Kaka?”

Ƙanwata, barka kadai. Allah ya ƙara wa Kaka lafiya, ya ja da ranta. In na fahimce ki, abu uku kike son sani: asalin waƙoƙin, da hanyar da suka bi har waƙa ɗaya ta kasance a bakin Kaka da bakin maƙwabciyarki, da abin da za ki yi tun tsohuwar tana da ƙarfin rerawa. Na daɗe ina shiga gidaje a ƙasashen Katsina da Zamfara da Kano ina naɗar waƙoƙin mata, ina kuma koyar da adabin baka, don haka da abin da na gani zan amsa miki. Bari in gaya miki inda na tsaya tun yanzu: a duk waƙoƙin Hausa babu waɗanda suka kai na bakin Kaka kusa da ɓata, kuma jika irinki ta fi duk wani mai bincike daga jami'a damar samun su yadda suke.

Waƙar sana'a da waƙar kowa

Da an ce waƙar gargajiya, hankalin mutane kan tafi wurin manyan makaɗa: Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotsonsu, Jankiɗi da taushinsa, Shata da kalangu, Ɗan Maraya da kuntigi. Waɗannan sana'a suke yi. Wani ya gaji kiɗa, wani haye ya yi, amma kowannensu an san sunansa da garinsu, an san wanda ya yi wa waƙa. Kayan kiɗan ma a rabe suke bisa ga sana'o'i: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, tambari da kakaki da algaita na fada. Irin wannan waƙa tana da masu kishinta, domin akwai 'ya'ya da 'yan amshi da iyayen gida da ba za su so ta mutu ba.

Waƙoƙin Kaka ba haka suke ba. Ba a biyan kowa ya yi su, ba a zuwa wurin gwani a koye su, kayan kiɗansu kuwa bai wuce tafi da taɓarya da ƙwarya da shantu da gurzar dutsen niƙa ba. Yarinya kan tashi ta tarar ana yi, ta bi sahu. Ba mai cewa “tawa ce”, shi ya sa ba wanda yake jin alhakin riƙe su yana wuyansa.

Wa ya fara?

Kowace waƙa akwai bakin da ya fara furta ta. Wata mace ce ko wata yarinya, a wata rana, da wani abu a ranta. Sai dai yadda ake gina waƙar shi ne yake haɗiye sunanta. Ki lura da kyau in Kaka na rerawa, za ki ji sashe biyu. Akwai gindin waƙa, wanda 'yan amshi ke maimaitawa, ba ya cika sauyawa. Akwai kuma ɗiyan waƙa, waɗanda mai bayarwa ke jefowa tsakanin amshi da amshi. A nan ne kowa ke sa hannu. Yarinya mai kaifin baki ta jefo sabon ɗa a dandali. In ya yi daɗi, gobe wata ta maimaita, jibi ya zama na kowa. In bai yi ba, a daren ya mutu. Abin da ya iso kunnenki daga Kaka, tataccen abu ne da ya ratso ta bakin mata masu yawa, kowacce ta ƙara, ta rage, ta gyara.

Amma abin da ya fi ba ni amsa a aikina ba neman sunan mai waƙa ba ne, duba aikin da ake yi da waƙar ne. Kusan kowace irin waƙar mata wani aiki ne ya haife ta, shi ya yanka mata tsawon numfashi, shi ya zaɓa mata abin faɗa.

Ɗauki waƙar niƙa. Mace ta durƙusa gaban dutse tun da asuba, tana tura ɗan dutse tana jawowa. Turawa da jawowar nan su ne ma'aunin waƙar, shi ya sa za ki ji layukanta dogaye, da ɗan ja a ƙarshe, da nishi a tsakani. Ita kaɗai take yi, babu amshi, amma ta san gidan duka na ji: miji na ɗaki, uwar miji na alwala, kishiya na hura wuta. Ki tuna kuma macen wancan zamani kunya ta ɗaure mata baki. Ba ta faɗin sunan miji, ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta iya duban uwar miji ta ce an ƙware ta. Dutsen niƙa ne wurin da aka yarda ta yi magana. Can take yabon iyayenta da danginta, ta yi begen garinsu, ta yi kukan ƙarancin cefane, ta yi habaici. In kin ji waƙar niƙa tana zancen wata kaza mai tone-tone, ko wata tukunya da ta ƙi tafasa, to da wuya a ce kaza ko tukunya ake nufi. Wanda aka yi dominsa ya gane, amma ba shi da bakin ƙara, domin waƙa ce. A ganina wannan ne sashen adabinmu da ya fi faɗin gaskiyar zaman aure a ƙasar Hausa, kuma shi ne wanda aka fi ƙarancin naɗa.

Waƙar daka ta sha bamban. Mata biyu ko uku a turmi ɗaya suna lugude, taɓarya na sauka bi da bi, wata ma ta cilla tata sama ta tafa ta cafe. Babu sararin dogon layi, sai gajerun kalmomi masu faɗawa daidai da saukar taɓarya. Waƙar daɓe kuma ta taron gayya ce: an tara mata su daɓe ɗakin amarya, sun jeru suna buga ƙasa a tare, ba namiji a kusa. Can ne manyan mata ke sakin baki, su faɗi abin da ba a faɗa a tsakar gida. Wanda bai sani ba sai ya ce batsa ce kawai, alhali da yawa daga cikinta karatu ne ake yi wa mai shiga ɗaki.

Gaɗa ta 'yan mata ce, a dandali, musamman da farin wata bayan an kawar da amfanin gona. A yi da'ira ana tafi, ɗaya ta shiga tsakiya ta ba da waƙa, ta juyo ta faɗo da baya a hannun ƙawayenta su cafe ta su cilla. Zancenta saurayi ne, da tsohon da ke neman yarinya, da auren dole, da tsoron kishiya, da zambo ga rowar samari. Yarinyar da ba za ta iya ce wa mahaifinta ba ta son wane ba, a dandali take faɗa, gari duka ya ji. Sai waƙoƙin biki, na kamu da sa lalle da wankan amarya da kai ta ɗaki, waɗanda wasunsu an yi su ne don a sa amarya kuka. Sai na reno, da na talla, da na tashe da yara ke yi a watan azumi bayan goma ga wata.

Shekarunsu nawa?

Waƙar baka ba ta zuwa da kwanan wata, kuma duk wanda ya ce miki waƙa kaza ta shekara ɗari biyar sai ki tambaye shi hujja. Abin da ke rubuce ya fi karkata ga fada. Tsohon littafin nan na Tarihin Kano, alal misali, ya kawo kirarin sarakuna, ya kuma ambaci kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su. Marubutan wancan lokaci ba su rubuta abin da mace ke faɗa a kan dutse ba.

Duk da haka akwai dabarar da muke yi, ke ma za ki iya. Ki saurari kayan da waƙar ta ambata. In tana ƙirga sadaki da wuri, ko tana tsoron mahara, ko tana zancen bayi, wannan ɗan ya girmi zuwan Turawa ko ya yi kusa da haka. In ta ambaci jirgin ƙasa, ba ta riga 1911 ba, shekarar da layin dogo ya iso Kano. In ta ce sule da fam, mai yiwuwa kafin 1973 ne, lokacin da naira ta shigo. Sai dai ki yi hattara: wannan shekarun ɗa ɗaya yake nuna miki, ba na waƙar duka ba. Sau da yawa nakan tarar da waƙa ɗaya tana da wuri a farko, da keke a tsakiya, da rediyo a ƙarshe. Gindin kan girmi ɗiyan nesa ba kusa ba.

Daga Katsina zuwa Maraɗi, da gaba da nan

Zancen maƙwabciyarki shi ne mafi sauƙin warwarewa, domin Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne. Bayan jihadin da aka fara a 1804, sarakunan Hausa na Katsina da jama'arsu suka yi arewa, a ƙarshe suka zauna a Maraɗi, har yau kuwa sarkin can sarautar Katsina yake riƙe da ita. Gobirawa ma suka kafa Tsibiri kusa da su. Iyakar da ke tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20. Ta tarar da mutane suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya, ba ta kuma hana su ci gaba ba. Ba lallai ne ma waƙar ta “kai” Nijar ba. Mai yiwuwa daga can ta gangaro, ko kuwa ta riga iyakar zama a wurin.

Babban abin da ke ɗaukar waƙar mata daga gari zuwa gari shi ne aure. Namiji na zaune gidan ubansa, mace ce ke tashi. Amarya ta tafi da waƙoƙin dandalinsu a ka, ta rera wa ɗanta na goye, ta yi niƙa da su, 'yan matan sabon garin su ɗauka. In sunan wani kogi ko wata kasuwa bai yi musu ma'ana ba, su musanya da nasu. In kalmar Katsinanci ce ta yi musu nauyi, su sa ta Kananci. Bayan haihuwa biyu ko uku waƙar ta zama 'yar gari.

Bayan aure sai tafiye-tafiye. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar goro zuwa Gwanja da Salaga, daga baya zangunan Kumasi da Ankara suka cika da Hausawa, da matansu da bukukuwansu. Mahajjata sun bi ta Barno da Chadi a ƙafa, da yawa suka yada zango a Sudan ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Akwai kuma hanya mai ɗaci, ta bayin da aka ƙetare Sahara da su. Wani Bature mai suna Tremearne ya tarar da Hausawa suna bori da waƙoƙinsa a Tunis da Tarabulus, ya wallafa abin da ya ji a 1914, kuma har yanzu ana jin kalmomin Hausa a kiɗan sitambali na Tunisiya. A zamanin Turawa kuma aka samu 'yan ci-rani, da leburorin kuza a Jos, da barikin soja, da tashoshin jirgi.

Rediyo ya zo da wani sabon abu. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, ga faifan garmaho, sannan kaset ya zo ya cika kasuwanni. Waƙar da a da sai ta shekara tana tafiya, yanzu a yini ɗaya an ji ta daga Agadas har Yawunde. Amma na'ura tana da halaye biyu. Na farko, tana daskarar da waƙa: da zarar an naɗi siga ɗaya an yi ta sakawa, sai mutane su ɗauka ita ce daidai, sauran kuskure. Na biyu, tana zaɓe. Makaɗi namiji zai je gidan rediyo da jama'arsa, matar kulle ba za ta je ba. 'Yan kaɗan ne irin su Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada, suka fito da kiɗan ƙwarya na cikin gida zuwa fili. Sauran ya tsaya bayan katanga.

To, tsakanin Kaka da maƙwabciyarki wa ke da ta asali? Dukansu. Waƙar baka kamar miyar kuka take, kowane gida da hannunsa, ba kuma wanda zai ce tasa ce ta farko. Kada ki yi ƙoƙarin haɗa su ki fitar da guda “ingantacciya”. Bambancin nan shi ne abin da mai nazari ke nema, domin shi ke nuna hanyar da waƙar ta bi.

Abin da ya kashe su, da waɗanda suka yi ƙoƙari

Tunda aiki ne ya haife su, da aikin ya kau sai suka rasa wurin zama. Injin niƙa ya ɗauke dutse, siminti ya ɗauke daɓe, makarantar boko, musamman bayan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, da Islamiyyar dare suka ɗauke lokacin dandali, talabijin da waya suka ƙarasa. A biki kuma lasifika ta maye gurbin ƙawayen amarya. A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya yi abin da duk waɗancan ba su yi ba: a ƙauyuka da yawa na Katsina da Zamfara da Sakkwato ba uwar da za ta bar 'yarta ta fita da dare, wasu ƙauyukan ma an watse, tsofaffin da suka san amshin juna sun rabu. Ba na cikin masu cewa a mayar da mata kan dutse don waƙa ta rayu. Na ga tafin hannun matan da suka yi niƙa shekara da shekaru, injin nan rahama ne. Abin da nake cewa shi ne, tunda mun san me ya riƙe waƙar a da, sai mu sama mata wani abin riƙewa.

Akwai kuma wa'azi. Tun zamanin jihadi malamai suka soki bori da kiɗan da ke cakuɗa maza da mata, amma su da kansu da waƙa suka karantar. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta rubuta waƙoƙi ta koya wa malamai mata da ake kira jaji, su kuma suka kai wa ɗalibansu mata, wato 'yan taru, a ƙauyuka da baki. Nata sun daɗe ne domin sun samu takarda da baki a tare, kuma wannan darasi ne gare mu.

An yi aikin adanawa, ba a zauna ba. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta rubuta tarihin rayuwarta da waƙoƙin da ta tuna, aka buga a 1954. Wani mai bincike, David Ames, ya naɗi kiɗe-kiɗe a Zazzau a shekarun 1960. Sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo sun tara kundaye masu yawa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya yi aiki mai yawa a kan makaɗa da hanyar nazarin waƙar baka. A Yamai akwai cibiyar tattara adabin baka ta CELHTO, wadda tushenta ya faro daga 1968. Sai dai mafi yawan abin da aka tara a kan waƙoƙin mata kalmomi ne a takarda, babu murya. Kalmomin waƙar daka ba tare da saukar taɓarya ba rabin abu ne. Inda aka naɗi muryar ma, na sha ganin kasa-kasai jibge a ɗaki mai zafi da ƙura, zaren ya manne, ba na'urar da za a saurare su da ita.

Abin da za ki yi

Ki je da wuri, kada ki jira babban hutu. Wayar hannunki ta isa, ba sai kin sayi komai ba. Ki fara da neman izininta, ki gaya mata don jikoki kike yi. Wasu tsofaffin, musamman waɗanda suka sauke farali, sukan ce sun tuba da waƙa. In Kaka ta faɗi haka kada ki matsa mata. Da yawa sukan yarda su faɗi kalmomin ba tare da rerawa ba, ko su yi na reno su bar na daɓe. Abin da ta ba ki da daɗin rai shi za ki karɓa.

Wurin da take tsayawa ta ce ya shige mata, yawanci ba mantuwa ba ce ta gaske. Waƙar gaɗa ba a yi ta don mutum ɗaya ba. Tana jiran amshi ne, da ba ta ji shi ba sai zaren ya tsinke. Ki nemo ƙawayenta na ƙuruciya da suka rage, ko biyu ne, ki dafa musu abinci, ki kawo goro, ki zaunar da su wuri ɗaya. Za ki sha mamaki. Wannan ta fara, waccan ta karɓe, su yi gardama a kan wane ɗa ne ke gaba, su yi dariya, su tuna wadda ta ƙirƙiro wani layi da wanda aka yi wa. Kada ki kashe waya lokacin gardamar, ita ce ma ta fi daraja. Haka kuma jiki na tuna abin da kai ya manta. Na taɓa zama da wata tsohuwa da ta rantse ba ta tuna waƙar niƙa ko ɗaya ba. Da aka jawo tsohon dutse daga bayan rumbu aka zuba mata 'yar dawa, hannunta na fara tafiya waƙar ta zo da kanta. In Kaka ba ta da ƙarfin durƙuso, a sa wata ta yi niƙan ko dakan a gabanta.

Kafin kowace waƙa, ki faɗi kwanan wata da sunan gari da sunan mai rerawa a cikin naɗin. Bayan ta gama ki tambaye ta a wurin wa ta koya, tana da shekara kamar nawa, a wane lokaci ake yin ta, wa ke bayarwa, wa ke amshi. Sannan ki bi ta layi-layi: wannan kalmar me take nufi, wannan habaicin da wa ake. In ba ki yi wannan ba, nan da shekara ashirin 'ya'yanki za su ji sauti ne kawai. Ki sa wayar kusa da bakinta amma nesa da turmi, ki rufe hanyar shigowar kira, ki guji lokacin da injin ko janareta ke aiki. In ta yarda da bidiyo ki ɗauka, domin tafi da rausaya da yadda ake faɗawa ba sa shiga murya.

Wajen rubutawa, ki rubuta yadda ta faɗa. In ta ce “shina”, kada ki mayar da shi “yana”. In ta faɗi kalmar da ba ki sani ba, kada ki musanya da wadda kika sani. Ki sa ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ, domin rashinsu na juya ma'ana. Ki sa wa kowane naɗi suna mai bayani, ki ajiye shi wuri uku: a kwamfuta ko memori, a intanet, da hannun wani ɗan'uwa a wani gari. Waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. In za ki tura ta WhatsApp, ki tura bidiyon a matsayin fayil don kada a matse shi ya rage kyau. In akwai tsofaffin kasa-kasai na biki a gidan, ki kai wa mai juya su zuwa kwamfuta tun zaren bai lalace ba.

Game da sakawa a Facebook ko TikTok, ki yi tunani kafin ki danna. Waƙar reno da ta gaɗa ba laifi in ta yarda, kuma ta nan za ki samu waɗanda za su ce a garinsu ga yadda ake yi, ki ƙaru da sababbin sigogi. Amma waƙar niƙa mai habaici ga kishiya ko dangin miji sirrin gida ne, jikokin waɗanda aka yi wa suna raye. Waƙar daɓe kuma an yi ta ne don kunnen mata. Irin waɗannan a adana, kada a watsa. Ki kuma riƙa rubuta cewa daga bakin Kaka aka samo, domin masu waƙar fiyano kan ɗauki irin wannan su sa a fim ko a faifai ba tare da ambaton kowa ba.

Naɗi yana da iyaka. Zai riƙe muryar Kaka, amma ba zai haifi sabon ɗan waƙa ba, waƙar da ba a ƙara mata kuwa ta tsaya. A nan ne aikinki na koyarwa ya ba ki abin da ni ba ni da shi: kina da yara a gabanki kullum. Ki zaɓi waƙoƙin gaɗa da na wasa masu tsabta, ki sanar da shugaban makaranta da iyaye, ki koya wa 'yan mata a darasin Hausa ko lokacin tara, da tafinsu da da'irarsu. In sun riƙe gindin, ki bar su su jefo nasu ɗiyan, ko da zancen jarrabawa da Keke Napep za su sa.

Ni aikina ya fi yawa a ɓangaren Najeriya, don haka abin da ya shafi sigar Maraɗi maƙwabciyarki ce malamarki. Ki naɗi tata daban, da bayananta, in mahaifiyarta na raye ki roƙa a naɗo miki ita ma. In kin tara abin da ya taru, ki kai kwafi sashen Hausa na jami'a ko kwalejin ilimi mafi kusa da ke, tare da rubutun da sharaɗin abin da iyalinku suka yarda a fitar da wanda ba su yarda ba. Ki gaishe mini da Kaka da kyau.